Hoton da na kai bakin teku

Da yawa kun tambaye ni labarin tafiyar Muritaniya tun ranar da na sa hoton nan da nake tsaye gaban tanti, na naɗa rawani kamar ɗan Agadas, teku a bayana. Wasu har tsiya suka yi mini, wai ɗan Maraɗi ya ga ruwa ya ruɗe. Gaskiya ne, na ruɗe. Amma akwai wani hoton da ke cikin aljihuna a ranar, wanda ban nuna muku ba, kuma shi ne dalilin da ya kai ni wurin.

Kun san aikinmu. Bayan labaru akwai sanarwa, cikin sanarwa akwai cigiya. Akwai wata tsohuwa daga wani ƙauye na wajen Madarunfa da ta kawo cigiyar ɗanta har sau uku. Yaron ya tafi cirani Aljeriya, daga nan aka ji shi Maroko, sai kira na ƙarshe ya shigo da lambar da ta fara da 222. Wani mushen lakwal na garinsu ne ya gaya mata lambar Muritaniya ce, kuma ƙanen yaron ya riƙe sunan garin da ya ambata: Nuwadibu. Da ta ji a rediyo ina sallama da masu saurare zan tafi wani horo na mako guda a Nuwakshot, washegari da sassafe na tarar da ita zaune bakin ƙofar gidan rediyo.

Ta kwance bakin zane ta fiddo hoto ɗan ƙarami irin na katin ɗan ƙasa. Ta ce, «Ɗana, an ce can za ka. In ka isa ka tambaya mini. Ka ce musu uwatai na nan da rai.»

Na ce, «Inna, ƙasar da faɗi, ba kamar zuwa kasuwar Jirataua ba ne.»

Ta ce, «Ai kai ɗan rediyo ne, kowa ya san ka.»

Na ce in sha Allah. Ni na faɗe shi ne irin yadda muke faɗi don a rabu lafiya. Ita kuwa alkawari ta ji.

Da aka gama horon ina da kwana huɗu kafin jirgi. Wani abokin aiki ɗan ƙasar yana da tsohuwar Hilux, kuma shi mutum ne mai son kwanan daji. Da na ba shi labari bai yi dogon tunani ba, ya ce mu je, amma bisa sharaɗi ba za mu kwana otel ba. Muka ɗauki wani ɗan Senegal da muka yi horon tare, mu uku. Aka loda tanti, da barguna, da jarka huɗu na ruwa, da tukunyar gas, da shinkafa, da kayan shayi, da shebur. Na tambayi amfanin shebur, suka yi dariya.

Daga Nuwakshot zuwa Nuwadibu wajen kilomita 470 ne, gudron ɗaya tilo ya miƙe arewa. Kafin a shimfiɗa shi, masu mota bakin teku suke bi na wani yanki, su jira ruwa ya ja baya sannan su ruga bisa jiƙaƙƙen yashi. Wanda ya taɓa yin hanyar Tawa zuwa Agadas zai ce ya san irin wannan fili, amma a can ko ƙayar da akuya za ta ci sai an yi tafiya kafin a gani. Abin da ya fi yawa shi ne shingen jandarma. Abokina ya sa tun a gari mun buga takarda mai ɗauke da suna, lambar fasfo, inda muka fito da inda za mu, kofi wajen ashirin. Fish suke ce mata. Ka miƙa ɗaya ta taga, a ɗaga maka hannu. Wanda bai da ita sai ya sauka a rubuta shi da hannu a kowane shinge. Duk mai niyyar wannan hanya, kada ya raina wannan ƴar takarda.

A Shami, garin da ya cika da masu neman zinariya, muka sha mai muka bar gudron muka yi yamma cikin yashi, zuwa gandun Bank Dargin. Nan na gane amfanin shebur. Ba mu yi awa guda ba motar ta nutse har ciki. Muka yi ta haƙa, aka rage iskar tayoyi har suka yi lakwas kamar sun fashe, sannan ta fita. Ashe da tun farko aka rage iskar da ba mu sha wannan wahala ba. Mai motar ya sani sarai, ƙyuya ce kawai ta hana shi.

Gab da magariba muka hau wani tudu, sai ga shi.

Ni dai ruwan da na sani shi ne tafkin Madarunfa da kogin Isa a Yamai, kuma kowanne in ka tsaya kana hangen wancan gefen. Wannan ba shi da wancan gefe. Na daɗe tsaye ban ce komai ba, ni da ake biya don in yi magana. Ɗan Senegal ɗin, wanda a bakin teku aka haife shi, yana ta kallona yana murmushi.

Wurin gandun tsuntsaye ne, an kafa shi a 1976, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1989. Tsuntsaye ne ke tasowa daga Turai har da Saiberiya su zo su ci sanyinsu a nan. Masuntan yankin, Imragen, jiragensu ba inji, da filafilan zane iska ke tura su, don an hana jirgi mai inji a cikin gandun. Wajensu muka sayi kifi. Muka kafa tanti, ko in ce muka yi kokawa da tanti, don iskar wurin ba ta san wasa ba. Turakun ƙarfe ba su kama yashi, sai da muka cika buhuna da ƙasa muka ɗaure igiyoyin a jiki. Wani masunci ya zo wucewa ya ce mu matsa sama. Muka ce ai ruwa na da nisa. Ya nuna mana layin ciyawar ruwa da ta bushe a bayan tantinmu, ya wuce abinsa. Muka tuge komai muka sake kafawa cikin duhu. Da asuba inda muka fara kafawa ruwa ne har gwiwa.

Sanyi kuwa, watan Janairu ne, na yi zaton na san hunturu. Na can jiƙaƙƙe ne, yana ratsa bargo. Na kwana da rigar sanyi biyu da safa, ina jin ƙugin ruwa, ina taɓa aljihu lokaci lokaci in ji hoton na nan.

Rana ta biyu da la'asar muka kusa Nuwadibu. Kafin shiga gari jirgin ƙasa mai ɗaukar tama ya tare mu. Daga Zuwerat yake zuwa, tafiyar wajen kilomita 700, tsawonsa ya fi kilomita biyu, ga mutane zaune bisa tamar sun rufe fuska. Garin kansa bisa wani dogon harshen ƙasa yake da ya kutsa cikin teku. Faransawa suka kafa shi, da Port-Etienne ake ce masa. Ko ruwan sha daga nesa ake jawo musu shi cikin bututu.

Muka sauka arewa da gari kusa da wani lungun ruwa, kuma a nan na ga abin da ban taɓa gani ba sai a talabijin. Motoci farare manya wajen goma, jere, kowacce gida ce sukutum. Kampin-kar. Masu su kusan duk tsofaffin Turawa ne da suka aje aiki, Faransawa da Jamusawa da ƴan Italiya. Maƙwabtanmu wani dattijo ne Bafaranshe da matarsa. Da suka ji Faransancina suka kira ni shan kafe, matar ta zagaya da ni cikin motar. Gado na mutum biyu, murhun gas, firigo, ɗan wurin wanka, bayi, tankin ruwa na lita ɗari, faranti mai kama hasken rana a bisa rufi. Komai da maɓoyarsa, cokali ma da wurin da ake maƙale shi don kada ya yi ƙara a hanya. Na tuna ɗakin hayar da na zauna a Yamai ina ɗalibi, wallahi bai kai wannan ba.

Dattijon ya shimfiɗa taswira ya nuna mini hanyarsu. Daga Faransa suka ratsa Espanya, suka sa motar cikin jirgin ruwa zuwa Tanja, suka gangaro Maroko duka, Dakla, Gargarat, suka ƙetare ƴan kilomitocin nan na tsakanin iyakoki biyu. Ba su gaggawa. Inda ya yi musu daɗi su yi mako. Ya ce sanyin ƙasarsu ke sa masa ciwon gwiwa, kuma kuɗin da za su kashe wajen ɗumama gida ya ishe su man tafiya. Mutanen kirki ne, ba zan ɓoye ba. Sun ba mu aron fitila, matar ta ba ni maganin mura.

Ya tambaye ni abin da ya kawo ni. Na fiddo hoton. Ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa, ya miƙa wa matar, ta ce yaro ne ƙarami. Daga nan hira ta mutu. Ban ga laifinsu ba. Amma a daren na kasa barci ina lissafi: hanyar da suka gangaro cikin nishaɗi da fasfo ɗaya, ita ce yaron nan ya bi a ɓoye, kuma ruwan da suke ajiye kujeru suna kallon faɗuwar rana a kansa, shi ne ake shiga da dare a kwale-kwale a nufi tsibiran Kanari na Espanya, tafiyar wajen kilomita 800. A 2006 mutum sama da 31,000 suka isa tsibiran ta ruwa. A 2024 sun haura 46,000. Wannan lissafin waɗanda suka isa ne.

Kuma in faɗi gaskiya, ni ma ina cikin masu kallon faɗuwar ranar. Na ci gasasshen kifi, na sha shayi zagaye uku, na ɗauki hotuna na tura muku. Na ji daɗin tafiyar ƙwarai, kuma har yau ban san yadda zan ajiye wannan jin daɗin kusa da abin da ya kai ni ba.

Kwana na uku gaba ɗaya a tashar masunta muka yi shi. Kwale-kwale ne iya ganinka, an cusa su kamar motoci a tasha ranar jajibirin salla, ga warin masana'antun garin kifi da ke bin iska. Ɗan Senegal ɗin ya yi mana amfani sosai, don masunta da yawa Wolof suke ji. Mun nuna hoton ga mutum ya fi hamsin. Wasu su girgiza kai, wasu ko kallo ba su yi, suna zaton mu ƴan sandan ciki ne. Can wajen azahar wani ya ce akwai mai shayi ɗan ƙasarku a bayan wurin ƙanƙara.

Na yi sallama da Hausa. Ya ɗago kai da sauri har ya kusa zubar da buta. Mutumin wajen Tasawa ne, shekararsa shida a garin. Sai da muka gaisa muka tambayi damina da mutanen gida, ya zuba mini shayi, sannan na ba shi hoton.

Ya ce, «Na san shi. Dakon kifi ya yi nan, wata huɗu ko biyar. Yaro mai kunya. Nan yake aje salularshi in caza mishi.»

Na ce, «Yana ina yanzu, malam?»

Ya juya kofin da ke hannunsa. Ya ce, «Ɗan'uwa, masu shiga ruwa ba su sallama. Wata rana dai ba ka ganin mutum. Wani bayan wata biyu sai ya kira daga Espanya. Wani an kama shi an kai shi iyakar Mali ko Senegal. Wani shiru.»

Na ce shi fa?

Ya ce, «Shi shiru. Amma ban ga ya shiga da idona ba. Kar ka ce ma tsohuwa na ce ya shiga.»

Na bar masa kofin hoton da lambata. Ya ƙi karɓar kuɗin shayi.

A hanyar dawowa ba mu tsaya kwana ko'ina ba. Da muke naɗe tanti da safe dattijon nan ya fito ya ba ni hannu, ya ce su Senegal suka nufa, in akwai wurin da zai iya nuna hoton in ba shi ɗaya. Na ba shi.

Kwana biyu da komowata Maraɗi ta zo. Na yi ta shirya maganar da zan faɗa tun cikin jirgi, amma da na gan ta duk ta watse. Na gaya mata abin da na sani daidai yadda na ji shi: ya zauna garin, ya yi aiki, mutane sun shaide shi da kunya, an daina ganinsa, ba wanda ya ga inda ya yi. Ban ƙara ba, ban rage ba. Ta yi shiru, sannan ta ce, «Ruwan nan da aka faɗi, ana hangen wancan gefen?»

Na ce, «A'a, Inna.»

Ta gyaɗa kai. Ta kwance bakin zane ta fiddo jika guda ta ce a sake sa cigiyar. Na ce ta bar kuɗinta, ta ƙi, ta ajiye bisa tebur.

Don haka ga ta nan, tun da na san wannan shafi yana kai wa inda rediyonmu ba ya kai. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da ƴan kai, siriri, wankan tarwaɗa, mutumin wajen Madarunfa, ya yi dakon kifi a tashar masunta ta Nuwadibu. ƴan'uwa da ke Muritaniya, Maroko, Senegal, Mali ko Espanya, wanda ya zauna da mai irin wannan kama, ko ya ji labarinsa kowane iri ne, ya rubuto mini ta akwatin saƙon shafin nan, zan tura masa hoton.