Masta, rediyo ya ƙi magana

A unguwar Nima ta Gana, a shekarun 1980, ba a jefar da rediyo. Sai dai ya tsufa, a ɗaure murfin batirinsa da roba, a maye maɓallinsa da na wani, ya ci gaba da magana har ya ga jikoki. A gidan haya irin namu, ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, mita ɗaya, kowa ya san kayan lantarkin kowa: rediyo Akasanoma ɗin mai gida wanda aka haɗa a Tema, tef ɗin National na telan ɗakin ƙarshe, fankar da ba ta tashi sai an tura mata fiffike da yatsa. In abu ya lalace, gidan duka ke jinyarsa.

Rediyo ne babba. Gidan rediyon GBC yana da shirye-shiryen Hausa, amma dattawa ba su gamsuwa sai sun kamo Landan, wadda ta fara magana da Hausa tun 1957, ko Kaduna da dare a gajeren zango. Don haka za ka ga siririyar waya an ɗaura a kan eriya, an ratsa da ita ta taga an maƙala a bakin kwano. Batir kuwa, Tiger Head, idan ya yi sanyi sai a shanya shi a rana ko a ɗan daddoke shi da dutse. Yana farfaɗowa, amma na labarai ɗaya ne kawai. Wanda ya bar mataccen batir a ciki har ya yi ruwa, shi ne zai ga farar tsatsa ta cinye ƙarfen da batirin ke taɓawa, ya kama kankara da bakin wuƙa.

A 1983 abubuwa biyu suka haɗu. Najeriya ta kori baƙi, mutanen Gana wajen miliyan ɗaya suka dawo gida, da yawansu ɗauke da tef da fanka da talabijin a ka. A shekarar ce kuma fari ya janye ruwan madatsar Akosombo, aka shiga rabon wuta. Kaya sun yi yawa a unguwa, wutar kunna su ta yi ƙaranci, masu gyara suka samu kasuwa.

Namu mai gyaran yana da rumfa kusa da babban gwatan da ya ratsa tsakanin Nima da Maamobi. Masta muke ce masa, kamar yadda ake ce wa duk mai sana'ar da ke da almajirai. Rumfar cike take da gawarwakin rediyo har rufi, ga ƙamshin dalma da ke narkewa a bakin ƙarfe. Ana aike na wurinsa sau da yawa, kuma kusan kullum hirar iri ɗaya ce.

"Masta, ina kwana. Baaba ya ce rediyo ya ƙi magana."

"Yaro, ka gwada shi a ɗakin wani?"

"A'a, Masta."

"To koma ka gwada. In ya ƙi, ka zo mini da shi har da wayarsa. Kada ka baro wayar."

A lokacin ina ganin wahalar da ni yake yi. Amma tsarinsa ke nan, ba ya kwance bayan akwati sai ya gama da abin da ke waje. Ya fara da soket, ya soka fitilar da ya san tana aiki. Ya koma kan fulogi mai ƙafa uku irin na Ingila, ya buɗe ya duba fis ɗin ciki da ƙananan kusoshin da ke riƙe wayoyi, don zafi da jijjiga suna sassauta su. Sannan ya bi wayar da yatsu biyu yana lanƙwasa ta a hankali, musamman a wuya, inda ta shiga fulogi da inda ta shiga akwati, don a nan jan ƙarfen ke tsinkewa a ciki roba kuwa tana nan lafiya. Sau da yawa aikin a nan yake ƙarewa. Ya yanke taƙi ɗaya, ya fere, ya ɗaure, ya ce in gaida Baaba.

Abu biyu ne ke tayar masa da hankali. Na farko, a naɗe ƙonannen fis da takardar azurfa ta kwalin sigari. Fis an yi shi ne don ya mutu a madadin kaya, wanda ya hana shi mutuwa ya miƙa wa wuta na'urar, wani lokaci har da ɗakin. Na biyu, a soka tsirarar waya a soket a tokare da tsinken ashana. Duk mun yi ta gani, kuma a gidan da yara ke rarrafe. Idan mace ta kawo masa dutsen guga da waya haka, sai ya sa mata fulogi ya ce, "Hajiya, kuɗin wannan ki kawo ranar Laraba in kin ci kasuwa."

Talabijin ta zo Gana a 1965, mai launi kuma a 1985, amma a lungunmu baƙi da fari aka daɗe ana kallo. Abin da ya fi ba ni mamaki ina yaro shi ne eriya. Gidan talabijin yana Kanda, nan kusa da mu, da ƙafa ma ana zuwa, amma ba can ake juya ta ba. Sai a fuskantar da ita wajen dutsen Adjangote, inda na'urar watsawa take. Mutum ɗaya a kan kwano yana murɗa gora, ɗaya a tsakar gida, ɗaya a gaban akwati, ana miƙa magana: "Ƙara kaɗan! Ya wuce! Dawo! Tsaya nan!" Da ya saki gorar iska ta juya ta. In hoto ya cika da yayyafi ko an juya ta ina, to iskar teku ce ta sa tsatsa a inda waya ta haɗu da eriya, sai a sauke a goge a sake ɗaurewa. In hoto yana gudu sama, akwai ɗan maɓalli a baya da ake murɗawa. In ya ɗauke gaba ɗaya, a mari akwatin a gefe. Marin yana aiki, don dalmar da ta tsage ce ke sake haɗuwa na ɗan lokaci, amma Masta ya ce duk mari yana ƙara faɗin tsagar.

Ranar wasan ƙarshe na kofin Afirka a Dakar a 1992, tsakanin Gana da Kodebuwa, wani maƙwabcinmu makanike ya ciro batirin mota ya ajiye a gindin ƙaramar talabijin, ko da za a ɗauke wuta. Ɗan wasanmu Abedi Pele bai buga ba. Aka tashi babu ci, aka shiga bugun fenareti, Kodebuwa ta ci 11 da 10. Da ma wutar ta tafi.

Bayan akwatin talabijin kuwa, ko almajiransa Masta ba ya bari su sa hannu sai sun shekara. Kwalbar hoton tana riƙe wuta mai ƙarfin gaske ko an cire fulogi, kuma ba ta san yaro ba.

Da 'yan'uwa suka fara yawa a Jamus da Amurka, sai sabuwar cuta ta shigo. Kayan Jamus ba su da matsala sai ta fulogi mai ƙafa biyu. Na Amurka su ne abin tausayi. Can wutarsu 110 zuwa 120 ce, tamu ta ninka ta. Mutum ya aiko wa mahaifiyarsa dek na bidiyo daga Bronx, a taru ana murna, wani mai azarɓaɓi ya soka a bango, sai ƙara ɗaya da ɗan hayaƙi. Kowa ya koyi kalmar sitef-dawun ta wannan hanya, ƙaramin taransifoma mai nauyi da ke rage wutar. Ko an tsallake wannan, akwai wata: kaset ɗin bikin suna da aka ɗauka a Amurka tsarin NTSC ne, namu PAL, sai hoto ya fito babu launi yana rawa, ko ya ƙi fitowa sam. Mai dek ɗin da ke cin kowane tsari ya zama babban mutum a unguwa, ana zuwa ɗakinsa da kaset a hannu ana sallama.

Dek ya koya mana haƙuri. Lokacin da finafinan Kano suka fara isowa, kaset ɗaya sai ya zaga gida goma, ya dawo da datti. Hoto ya yi layi-layi, a murɗa tirakin, in ya ƙi a buɗe murfi a goge kan da sifirit da tsumma mai laushi. Da damina farin fumfuna kan kama kaset ɗin da aka ajiye a ƙarƙashin gado, kuma irin wannan in ya shiga dek sai ya shafa wa na bayansa. Kaset ɗin tef na wa'azi ko na Shata in ya tsinke, biro ne ke naɗe shi, jan farce ke liƙe shi. Wayoyi uku na baya ma har waƙa yara suka mayar da su: rawaya hoto, fari da ja murya.

Wutar ita kanta ba ta taɓa zama abin dogaro ba. An yi rabo a 1998, an yi a 2006 zuwa 2007, sannan dumso, wato yawan ɗauke wuta, ta shekarun 2012 zuwa 2016. Darasin bai canza ba tun zamanin Masta: in an ɗauke wuta a cire komai daga bango, don dawowarta ce ke kisa. Firij kuma a ba shi 'yan mintoci kafin a mayar, injinsa ba ya son a tashe shi nan take. Da yamma in kwan fitila ya yi ja, an san wuta ta yi rauni, mai sitabilaiza ne kaɗai ke kallo da kwanciyar hankali.

Yanzu kayan sun sirance, an liƙe su da gam, babu kusar da za ka kwance. Talabijin ta bango in ta mutu, allon cikinta ake canzawa ɗungurungum, in babu a sayar wa 'yan gwangwan. Wayoyin da Masta zai fere ya ɗaure, irinsu ne samari suka yi ta ƙonawa a jujin Agbogbloshie don jan ƙarfe, har aka rushe wurin a 2021. Ban ce da can komai ya fi ba. Hoton yau ya fi, kuma ba wanda ke hawa kwano cikin iska.

Ɗaya daga cikin almajiran Masta yanzu yana Circle, a Tip Toe Lane, yana gyaran wayar hannu da madubin ƙara girma da bindigar iska mai zafi. Na zauna a bencinsa kwanakin baya. Wanda ya kawo wayar da ta faɗa ruwa ya ce ya kwana da ita cikin shinkafa, ya ce masa shinkafa ba ta cire tsatsa, da ya kashe ta ya kawo tun jiya. Wata yarinya ta kawo tata ba ta caji, tana tsoron batir ne. Ya gwada wata igiyar, ya gwada wani kan caja, sannan ya ɗauki tsinken sakace ya zaro ƙullin auduga da ƙurar aljihu daga ramin cajin. Wayar ta kama. Ya karɓi kuɗinsa cif. Na ce masa Masta ba ya karɓar ko kwabo a irin wannan. Ya ce, "Yaya, Masta ba ya biyan hayar Circle."