Ba a Koya Mana Faɗuwa Ba

Tun da makarantun kuɗi suka fara kafa alluna a bakin ƙofa, da hotunan yara, kowa da makinsa na JAMB a ƙasan haɓa, abin ke ci mini tuwo a ƙwarya. Iyaye kuma su kwashe su watsa a Facebook, ana ta sambarka. To, madalla. A jarrabawar 2025 yara wajen miliyan 1.9 suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Kowa su yake tausaya wa. Ni kuwa yaron da ke jikin allon nake ji wa, don na san abin da ke jiransa.

Mu da muka yi elementare da midil zamanin En'e, a kan na ɗaya aka raine mu. In ka zo na biyu, a gida tambaya guda ce: wanda ya zo na ɗayan kai biyu gare shi? Na riƙe na ɗaya har na kama aikin gwamnati, ina hawa ana yabo, kowa ya sa rai kujerar babban sakatare tawa ce. Ranar da aka yi naɗin, yaron da na koya wa rubuta takardar ofis aka ba, ni kuma aka miƙo mini ta ritaya. An koya mana lissafi, an koya mana Turanci da ɗaurin lakataye, amma ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce ga yadda ake faɗuwa a tashi a kakkaɓe riga.

Na daɗe ina zaman zaure, kunne na kan waya. Masu zuwa gaisuwa da Sallah suka ragu, har direban da ke rantsuwa da sunana ya canza hanya. Ban ga laifinsu ba yanzu. Kujera suke gaisarwa, ta kuwa koma wani gida.

Waɗanda suka ga 1975 sun san ba ni kaɗai ba ne. A shekarar aka sallami ma'aikata sama da 10,000, wasu a rediyo suka ji sunansu. Na san waɗanda baƙin ciki ya kwantar, ba su ƙara tashi ba, kuma galibinsu zakarun ajinsu ne. Su 'yan tsakiyar aji, waɗanda suka saba da a ce musu "ƙara ƙoƙari", sai suka buɗe shago ko suka koma gona. A watan Yulin shekarar ne kuma aka kifar da Janar Gowon yana taro a Kampala. Mutumin da ya yi shekara 9 yana mulkin ƙasa ya koma bencin ɗalibai a Jami'ar Warwick ta Ingila, har ya fito da digirin digirgir. A lokacin mun yi ta surutu wai ya zubar da girma. Ashe ya fi mu hankali.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na ɗaya. A 1963 ya bar gadon sarauta, aka kai shi Azare. Duk wanda ya san ƙarfin ikonsa a wancan zamani zai ce shi ke nan. Sai ga shi ya duƙufa kan Alƙur'ani da zikiri, Halifan Tijjaniyya, almajirai na tururuwa, har Allah ya yi masa rasuwa a Wudil a 1991. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Bambancin, shi yana da abin da ya riƙe wanda ba a naɗawa, ba a tuɓewa. Mu takardar shaida muka riƙe.

Kada wani malalaci ya ɗauki maganata ya yi matashi da ita. Yaran yanzu da ke kwana kan TikTok suna cewa karatu yaudara ne, su ma bulala ta dace da su. Jikata ta kawo mini sakamako da na huɗu kwanakin baya, sai da na ji bakina na shirin tambayar wa ya zo na ɗaya. Hali zanen dutse. A yi ƙoƙari, a nemi na ɗayan, ban hana ba. Ina dai so a bar yaro ya sha kaye tun yana ƙarami, a wasan ƙwallo ko a musabaƙa, ya ga an ba shi tuwonsa da daddare kamar kullum.

Ni sai da furfura ta cika kai na samu abin da ya kwantar mini da hankali, a ajin yaƙi da jahilci na unguwarmu. Masu faci, 'yan ga-ruwa, mahauta, su nake koya wa baƙi da wasali. Ranar da wani dattijo mai sayar da itace ya karanta takardar asibitin matarsa da kansa, na ji daɗin da ƙarin girma bai taɓa ba ni ba. Ba albashi, ba mai ce mini ranka ya daɗe.

Ajin yana nan bayan sallar isha'i, Asabar zuwa Laraba. Duk tsohon ma'aikacin da ya gaji da jiran waya, ya taho da allinsa, muna neman mai koyar da lissafi.