Ƙayar Jos

Duk wadda ta je Jos sai ta dawo da labarin sanyi da dankalin Turawa. Ni kuwa ƙaya ce ta tafi da hankalina.

Mun baro Saminaka, mota ta hau tudu, muna dab da shiga gari na soma hango gidajen ƙauye a tsakanin duwatsu, an kewaye su da wata doguwar shuka koriya shar, ba ganye sai ƙaya. Na ce, "Anti, wannan fa?" Ta ce, "Kyarana ke nan, ita ce dangarsu, ko akuya ba ta ratsawa."

Ashe Antin ma gwanar tara ƙaya ce. A barandarta na ƙirga tukunyar murtsunguwa goma sha bakwai, wata kamar ƙwallo, wata kamar tafin hannu. Ta ce asalinsu nahiyar Amurka, kuma ba ta ba su ruwa sai ƙasar ta bushe ƙamas, don kada saiwar ta ruɓe. Na roƙi ɗaya, ta hana.

Don haushi na fita bayan gida na karyo reshen kyarana, ai duk ƙaya ce a ganina. Wani farin ruwa kamar madara ya ɓata mini yatsu, na manta na murza ido. Wayyo Allah! 'Yar'uwa, dafi ne da shi. Anti ta yi ta kwarara mini ruwa, sai asibiti, kwana uku idona a kumbure.

Ranar komawa Kano ta miƙo mini 'yar ƙwallon a gwangwanin madara, tana hararata.