Washa biyu suka kwanar da mu a hanyar Kwoi

Duk unguwar nan an san tsohuwar Benz 911 ɗina mai ɗauko citta daga Kwoi zuwa Kafanchan. Tun da cutar citta ta 2023 ta karya mu, kowace naira sai na juya ta kafin in saki.

Bututun da ya taso daga tanki zuwa famfon mai ya ci tsatsa. Bakanike ya yanke, ya sa tiyo na man gas da kilif biyu a kowane baki. Wannan ba laifi, man ba shi da ƙarfi a wajen. Amma da na ce a yi wa bututun injekta walda, sai ya ce: «Malam, wannan ba a taɓa shi, sai dai sabo mai tsawo ɗaya.» Na saya ina gunaguni.

Inda na ƙi ji shi ne washan jan ƙarfe da ke kan notin famfo. Na ce a mayar da tsofaffin, wai na yi wayo. Ashe wanda aka taɓa matsewa ya riga ya taurare.

Iska ta shiga, mota ta mutu bayan Isha'i, kaya fal, a hanyar da kowa ya san halinta da dare. Direbana, mai 'ya'ya huɗu, ya kwana yana buga famfon hannu ina haska masa tocila. Ranar wani ne ya ja Asuba a masallacinmu, ni kuwa na kasa haɗa ido da direban har muka iso gida.