Ƙafar Hagu

Motar Baba Golf 3 ce 'yar Kwatano, mai giyar otomatik. Shekarar da ya rasu ta fara jinkirin canza giya, musamman in na ɗoro buhunan albasa daga Aliero zan koma Birnin Malam. Injin ya yi ta kuka, motar kuwa tana jan ciki.

Wani bakanike a Jega ya leƙa ƙarƙashinta, ya ce, "Alhaji, mu mayar da ita manuwal. Kayanta sun fi samuwa, kuma ko batir ya mutu, yara biyu su tura ta tashi."

Na yi mako ban amsa ba. Baba ya zaɓi otomatik ne saboda gwiwarsa ta hagu, wadda ba ta iya taka kulochi. Cire giyar sai na ji kamar in kwashe tabarmarsa daga zaure.

Aikin ya ci kwana huɗu. Aka sauke tsohon akwatin giya, aka ɗaura mai giya biyar, aka sa kulochi da feda ta uku, aka gyara wayoyi don ta yarda ta tashi. Gaskiyar bakaniken ce: a wajenmu, motar da za a iya gyarawa a gindin bishiya ita ce mota.

Ranar da na karɓe ta, na bi hanyar Maiyama da la'asar. Ƙafata ta hagu tana ta aiki a gurbin da ta Baba ta saba hutawa. Na ja gefen titi, na yi masa addu'a, sannan na sa giya ta ɗaya.