Kifi Bakwai a Rana Ɗaya

Wannan makon layi ya zo kanmu, kuma labarin kifi muka kawo. Ba na miya ba, na kallo.

Mu mazauna Jidda ne, bakin Bahar Maliya. Wata Juma'a muka kai yara gidan kallon kifi na Fakieh, autarmu ta manne fuska a jikin gilashi ta ƙi tafiya, saboda ta ga kifin nan mai ruwan lemo da ratsi uku farare wanda yara suka sani da Nemo tun fim ɗin 2003. Gaskiya ba ita kaɗai ba ce, mu ma iyayen abin ya shiga ranmu. Kafin wata ya ƙare mun sayi tankin gilashi mai cin lita 120, da famfon juya ruwa, da fitila, da yashi, da buhun gishiri. Gishirin ba na girki ba ne, haɗi ne na musamman mai sinadaran da ke cikin teku, ana zuba kusan giram 35 a kowace lita ta tataccen ruwa.

Ranar Alhamis muka cika tanki. Ranar Asabar muka zuba kifi bakwai.

Da ido muka zaɓe su, kamar masu zaɓen atamfa. Nemo biyu, shuɗaye ƙanana uku da ake kira damsal, wani mai zane-zane kamar an yi masa lalle, sai ɗan shuɗin nan mai rawayar wutsiya, Dori. Mai shagon bai tambaye mu yaushe muka haɗa tanki ba, mu ma ba mu san tambaya ce ba. Ya ɗaure mana ledoji, muka biya, muka taho muna murna.

Kwana huɗu ruwa ya fara dishi-dishi. Kifayen suka koma sama suna haki. Kullum da asuba, kafin yara su tashi, ɗayanmu zai je da ɗan raga ya tsamo wanda ya mutu. Mun ɗauka muna ɓoyewa, ashe autar tana ƙirgawa. Ranar da suka rage biyu ta tambaya, "Baba, mu ne muke kashe su?" Ba mu da amsar da ta wuce e.

Sai bayan nan muka zauna muka koyi abin da ya kamata mu fara da shi. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce. A cikin teku ruwa ya yi yawan da ba za ta taru ba. A tanki kuwa sai an samu wasu ƙwayoyin bakteriya sun zauna a jikin dutse da yashi, su mayar da amoniya zuwa naitirait, wasu kuma su mayar da ita naitiret mai sauƙin illa, wadda ake ragewa da canjin ruwa. Ƙwayoyin nan ba sa taruwa a kwana biyu, sukan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Mu kuwa mun zuba baƙi bakwai a gidan da ba a haƙa masa masai ba.

Ko da ruwan ya yi daidai, zaɓin namu ma ba zai kai labari ba. Dori ɗin da muka sayo kamar tsawon yatsa yana iya kaiwa santimita 30, kuma mai yawan iyo ne, tankin da ya dace da shi ya kusa tsawon gado. Mai zanen lalle, wato mandarin, ba ya kula abincin gwangwani, wasu mitsi-mitsin halittu yake tsinta a jikin dutse, sabon tanki kuma ba shi da su. Da yunwa za ta kashe shi a hankali. Damsal kuwa, duk ƙanƙantarsu, 'yan daba ne. Biyun da suka rayu su ne, kuma mayar da su shago muka yi, don duk wanda ya shigo bayansu sai sun hana shi sakat.

Karo na biyu mako shida tankin ya yi babu komai sai ruwa da duwatsu. Baƙi suna zuwa suna leƙawa, suna tambaya ina kifin. Wata 'yar uwarmu har cewa ta yi ba ta taɓa ganin masu kiwon dutse ba sai mu. Muna gwada ruwa duk bayan kwana biyu, har amoniya da naitirait suka koma sifili. A nan muka koyi cewa in ruwa ya ragu saboda tururi, da ruwan daɗi ake cikawa, domin gishirin bai je ko'ina ba. Ma'auninmu muna tsayar da shi a 1.025, zafin ruwa kuma wajen digiri 25, wanda a Jidda yana nufin na'urar sanyaya falo ba ta hutawa da rani. Kuɗin wuta ya gaya mana haka.

Nemo biyu muka fara sawa, ƙanana, waɗanda aka ƙyanƙyashe a wurin kiwo. Mun nace a kan haka bayan mun ji yadda wasu masunta a Filifin da Indonesiya ke fesa gubar sayanayid a cikin murjani don su sumar da kifi su kama. Na kiwon kuma sun saba da abincin gida. Kafin su shiga babban tanki sun yi mako huɗu a wani ƙarami, muna duba ko fararen ɗigo irin na cutar fata za su fito musu. Wani abin mamaki, duk a maza suke tasowa, wanda ya fi girma da ƙarfi shi ke rikiɗa ya zama mace. Wannan bayani ya jawo dariya a gidanmu, ba sai mun faɗi wa ya fi dariyar ba.

Bayan wata guda muka ƙara gobi mai rawaya, wanda ya haƙa rami ƙarƙashin dutse yana gadin ƙofa. Yanzu shekara biyu ke nan, kifi huɗu ne kacal. Makon jiya mun koma shago sayen gishiri, autar ta tsaya gaban wani ɗan Dori ta daɗe tana kallo. Mai shagon ya ɗauko raga. Ta ce masa, "A'a, Baba, gidanmu ya yi masa kaɗan."