Lambun Bokiti a Agege

Duk wanda ya ratsa unguwannin Hausawa na Agege a Legas zai ga tsofaffin robobin fenti jere a baranda da bakin ƙofa, cike da na'a-na'a, ɗaɗɗoya da albasa mai lawashi. Gidajen haya ne, tsakar gida ta yi kaɗan, sai bokiti ya zama lambu.

A Arewa ƙishirwa ce ke kashe shuka, a nan kuwa yawan ruwa ne. Damina kan sauka tun Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuni. Ƙasar bokiti ta dunƙule, saiwa ta ruɓe, ruwan da ya kwanta kuma ya tara sauro.

Don haka uwargida, kafin ruwa ya kankama ki zazzage bokitin, ki ƙara huda gindinsa. Ki cakuɗa sabuwar ƙasa da yashi da busasshen kashin kaji, domin ɗanye yana ƙona saiwa. Na'a-na'a ki raba saiwarta gida uku, ki dasa ɗaya, sauran ki ba maƙwabta. Ɗaɗɗoya kuwa ki yanki reshe ki tsoma a ruwa, cikin mako biyu zai fid da saiwa. Ki riƙa tsinke furenta don ganye ya yawaita, farfesun gida ya wadata.